"An Taya Sama da Haka": Gwanjon Duhun da Ake Yi da Gidaje, da Wanda Ke Biyan Kuɗinsa

Yau a kan gida zan yi magana, gidan da mutum zai kwanta da iyalinsa, kuma na san akwai waɗanda muke gaisawa da su kullum a ofishin jam'iyya da ba za su ji daɗin rubutun nan ba. Su daure su karanta har ƙarshe, in ya so su ba ni amsa.

Duk mutumin Karare, ko Ruma, ko Wagini, ko Runka, da ya taɓa neman gidan saye a Batsari ko Dutsinma ko birnin Katsina a 'yan shekarun nan ya san wannan maganar: "An taya sama da haka." Ka je ka ga gida, ka zagaya, ka ƙwanƙwasa bango, ka duba rufi, ka taya. A ce albarka. Ka ƙara. A yi ta ja har dillali ya ce to, je ka haɗo kuɗi, ni zan shawo kan mai gida. Ka koma ƙauye ka ɗaga abin da za ka ɗaga. Kwana uku sai ga waya: wani ya shigo, ya taya sama da kai, kuma kuɗinsa na hannu. Wane ne? Ba ya son a san shi. Nawa ya taya? Kai dai ƙara wani abu. Yaushe za a rufe magana? Yau da la'asar.

Haka cinikin gida ya koma a yankinmu. Gwanjo ne, amma gwanjon da babu taro, babu mai shela, babu abokin takarar da idonka zai gani. Kana tsere da mutumin da wataƙila akwai shi, wataƙila babu, kuma mutum ɗaya tilo da ya san gaskiyar lamarin shi ne wanda la'adarsa ke ƙaruwa duk sanda ka ƙara.

Kafin wani ya ce min ai kasuwa ce, bari mu tuna yadda aka yi mutanenmu suka shiga wannan kasuwar. Ba sha'awar birni ta kai su ba. Bakarare da gonarsa da rumbunsa da rogonsa, me zai ɗauka a ɗaki ɗaya a bayan gari? A watan Mayun 2019 aka kashe manoma a 'Yar Gamji, har aka ɗauko gawarwakinsu zuwa birnin Katsina don masu mulki su gani da idonsu. A watan Fabrairun 2020 aka shiga Tsauwa da Dankar aka kashe mutum 30. Tsakanin waɗannan da bayansu akwai hare-haren da ko rediyo bai faɗa ba. Mun ga mata da yara sun kwana a azuzuwan firamare a cikin garin Batsari. A 2021 aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanninmu, aka kuma katse layukan waya, duk don a toshe wa mutanen Dajin Rugu hanya. Kowa ya san dalilin. Amma kowa ya san abin da ya sami mai sa biyu da ke son ya sayar ya fitar da iyalinsa: ya sayar a ɓoye, a farashin da mai saye ya ga dama.

To ga inda zaluncin yake. Kasuwa biyu ce, kuma mutum ɗaya ne ke faɗuwa a cikin kowacce. A ƙauye shi ne mai sayarwa, kuma babu mai tayawa. Wa zai sayi gida a garin da ake kwana da takalmi a ƙafa? Gonar da kakansa ya sare, in ma an samu mai so, sai dai a yi masa tayin wulaƙanci. A gari kuma shi ne mai saye, shi da mutum goma irinsa a kan gida ɗaya. Ya sayar a inda babu tayi, ya saya a inda tayi ya yi yawa. Tazarar da ke tsakanin farashin nan biyu, kuɗin tsoro ne. 'Yan bindiga sun karɓi nasu a daji da sunan fansa, wasu kuma suna karɓar nasu a gari da takarda da shaidu.

Akwai wani kawuna, ba zan faɗi sunansa ba, kuma ba zan faɗi unguwar ba. Bara ya ga wani ɗan gida a gefen birni ta wajen hanyar Batsari, ɗaki uku da tsakar gida, ko filasta ba a gama ba. Aka daidaita a baki a kan miliyan shida. Ya koma ya sayar da shanun huɗarsa da wata gona da ke kusa da titi, wadda ita kaɗai ce ke da sauran daraja. Ranar da ya zo da kuɗi aka ce an taya shida da rabi. Ya ranto ya cika. Washegari aka ce bakwai. Ina zaune ya kira ni, ya ce: "Ɗana, kai da ka yi boko, mi doka ta ce? Na saida shanu, na saida gona, mi za ni ce ma ɗiyana?" Na ce: "Kawu, an rubuta wani abu? Kun ba da kafin alƙalami?" Ya ce: "Ai mutumin a masallaci muka gamu." Ba a rubuta komai ba. Yau yana gidan haya, kuɗin na narkewa a hannunsa kamar ƙanƙara, gidan kuwa har yanzu da kwaɗo a ƙofarsa. Wanda aka ce ya taya bakwai bai tare ba, bai sa 'yan haya ba, bai ko share ƙofar ba.

Wannan kwaɗon shi nake so ku riƙe. Ku zagaya sababbin unguwannin da ke gefen Katsina ku ƙirga kangaye da gidajen da aka kulle, da filayen da aka zagaye da bulo jeri uku aka tafi. Masu su ba wurin kwana suke nema ba. Wurin ajiyar kuɗi suke nema. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Buhun siminti da bai kai dubu biyar ba a farkon 2023 ya wuce dubu goma a wurare da yawa a farkon 2024. Duk mai kuɗin da ke da wayo ya gane cewa naira a banki tana zubewa, ƙasa kuwa ba ta ruɓewa. Sai ya kwashe ya zuba a fili da gida. A wurinsa ƙarin miliyan ɗaya a kan tayi lissafi ne kawai, zai dawo da riba nan da shekara biyu. A wurin ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, miliyan ɗayan nan albashin wata goma sha huɗu ne, ba ci ba sha. Gidan miliyan takwas kuwa shekara tara da rabi ne. Wayar minti biyu daga dillali ta cinye masa fiye da shekara guda ta rayuwarsa. Shi ma fa mai albashi ke nan. Manomin da damina uku bai shiga gonarsa ba sai a sa shi a wane layi?

Kuma akwai wani kuɗin da ba a son a ambata. Miliyoyin da aka tara gida-gida, aka sayar da gonaki aka kai daji, ba a cikin daji suke ruɓewa ba. Suna dawowa gari ta wata hanya, kuma babu inda kuɗi ke wanke fuskarsa da sauƙi kamar cinikin gida da tsabar kuɗi a buhu. Ban ce kowane mai tayi mai tsoka ɓarawo ba ne, Allah ya kiyaye. Na ce tsarin da mai tayi "ba ya son a san shi" tsari ne da ya yi wa irin wannan kuɗin daɗi. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan biyar sai ta banki, kuma ta sa dillalan gidaje cikin masu sana'ar da ya wajaba su yi rajista su san abokan cinikinsu. Ku gaya min, a cikin cinikin gida goma da kuka sani, guda nawa aka bi wannan? Yana yiwuwa mutum ya sayar da gonarsa ya fanshi matarsa, sannan kuɗin nan nasa su zo su taya sama da shi a gidan da yake son ya ɓoye ta. In wannan bai tayar wa mutum da hankali ba, ban san abin da zai tayar masa ba.

Ni ba malami ba ne, difloma gare ni, amma na zauna a zaure kamar kowa. Addininmu bai hana gwanjo ba. A fito da kaya a bainar jama'a, kowa ya taya, wanda ya fi ya ɗauka, wannan malamai sun halatta shi. Abu biyu aka hana, kuma su biyun nan su ne jarin gwanjon duhu. Na farko, ka shiga cinikin ɗan uwanka bayan an riga an karkata, an kusa sallamawa. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ya ga an bambanta farkon ciniki, da kowa ke da damar tayawa, da lokacin da mai saye da mai sayarwa suka riga suka jingina da juna. Na biyu shi ne najashi, wato mutum ya taya kaya ba don yana so ba, sai don ya ingiza wani ya ƙara. To idan haramun ne a kawo mutum na gaske ya yi tayin ƙarya, ina ga a ƙirƙiro mutumin da babu shi sam? Ko a Ostireliya, inda ake tara mutane a ƙofar gida a yi gwanjonsa a fili, doka ta haramta tayin ƙarya kuma ana cin tara a kai. Su da dokarsu suka isa inda littafinmu ya daɗe da isa, mu kuma muna barin ana yi mana a ƙofar masallaci.

Zan yi wa dillalai adalci. Da yawansu mutanen kirki ne, kuma in babu su baƙo ba zai san gidan da ke da rigimar gado da wanda ruwa ke ci da damina ba. Mai gida ma yana da haƙƙin ya nemi farashi mai kyau, musamman gidan marayu, inda kowace naira ta ƙaru rabon yaro ce. Ba na faɗa da wannan. Amma a kula, a gwanjon duhu sau da yawa mai gidan ma ba shi ke cin ƙarin ba. Ya ce a ba shi shida, abin da ya hau kai na masu nema ne. Dillali ɗaya ya zama huɗu, kowa ya ɗora nasa, mai saye da mai sayarwa ba su taɓa haɗa ido ba sai ranar sa hannu. An cuci mai saye, an rufe mai gida, an ɓata sunan dillalin kirki, kuma farashin ƙarya da aka biya yau shi ne zai zama farashin unguwar gobe. Maƙwabci zai ce ai gidan wane bakwai aka saye shi, nawa ya fi shi ɗaki.

Yanzu ga abin da ya sa na kawo maganar nan wannan shafin maimakon in bar ta a majalisar shayi. Tunanin "wanda ya fi kuɗi ya ɗauka" ya tashi daga bakin dillalai ya shiga bakin masu mulki, kuma ina jin sa a bakin wasu manyanmu a matsayin wayewa. Duk sanda aka zo maganar gidajen gwamnati ko filayenta sai ka ji an ce a yi gwanjo a fili, shi ne gaskiya, shi ne babu alfarma.

An gwada. Daga 2005 zuwa 2007, zamanin Obasanjo, lokacin Malam Nasir El-Rufai na ministan Abuja, aka sayar da dubban gidajen gwamnatin tarayya a babban birnin. Ma'aikatan da ke ciki aka ba su damar farko, sauran aka fitar da su kasuwa aka karɓi tayi. Abin ya bar ƙura har Majalisar Dattawa ta zauna bincike a kansa a 2008. A watan Janairun 2023 hukumar EFCC ta buɗe tayin gidajen da kotu ta ƙwace, kuma cikin sharuɗɗan akwai mai tayi ya haɗo da takardar banki ta kashi goma cikin ɗari na abin da ya taya. A takarda kowa na iya shiga. A zahiri wa ke da wannan kuɗin ajiye yana jiran a buga talla? Kwanan nan kuma ga rukunin gida 753 a Lokogoma da ke Abuja, wanda kotu ta mallaka wa gwamnati a watan Disambar 2024, wanda EFCC ta danganta da tsohon gwamnan Babban Banki, Godwin Emefiele, shi kuma ya ƙalubalanci hukuncin. A watan Mayun 2025 aka miƙa rukunin ga ma'aikatar gidaje, kuma ɗan jiharmu ne, Ahmed Musa Dangiwa, ya karɓa a matsayinsa na minista. An ce za a sayar ta hanyar da kowa zai gani, a yi takara. Ba na zargin niyyar kowa. Tambayata ɗaya ce: in dukiyar jama'a ce aka ce an kwasa aka gina su, aka ƙwato, sannan aka sayar wa wanda ya fi kuɗi, hannun wa za su koma? Wane malamin firamare ne zai ci wannan takarar?

Ga amsar da nake samu kullum, kuma amsa ce mai nauyi, ba zan yi kamar ban ji ta ba. Suna cewa: in ba a yi gwanjo ba sai rabo, rabo kuwa kun san halinsa. Za a yanke farashi mai sauƙi, a rubuta sunaye a ɗakin wani, takardun su ƙare a hannun 'yan siyasa da matansu da direbobinsu, washegari su kai wa dillali ya sayar ninki uku. Gara gwanjo, aƙalla kuɗin ya shiga asusun gwamnati.

Gaskiya ne ana haka. Duk wanda ya taɓa ganin rabon taki ya san yadda jerin sunaye ke canza kama tsakanin mazaɓa da sakatariya. Amma wa ya ce hanya biyu ce kawai, ko mai kuɗi ya ɗauka ko mai uwa a gindin murhu? Akwai ta uku, kuma ba baƙuwarmu ba ce. Idan magada suka raba gona kashi-kashi aka rasa wa zai ɗauki wanne, me ake yi? Ƙuri'a. A Habasha tun wajen 2005 gwamnati ke gina gidajen bene a Addis Ababa, mutum ya yi rajista, ya riƙa ajiya a banki, a yanke farashi, sannan a fitar da masu rabo ta ƙuri'a, har da kason da aka ware wa mata. Tsarin na da matsalolinsa, jira na shekaru, wasu su ci su kasa biya. Har maguɗi an yi: a 2022 hukumar birnin ta soke wata ƙuri'a sukutum bayan an gano an taɓa sunayen. Amma ku lura, an gano, an soke. Maguɗin ƙuri'a yana barin sawu, saboda akwai jerin sunaye da kowa zai iya dubawa. Wa ya taɓa soke gwanjo don talaka bai iya shiga ba? A Singafo kuwa, inda kusan mutum takwas cikin goma ke zaune a gidajen da hukuma ta gina, sababbin gidaje da ƙuri'a ake ba da su a kan farashin da aka yanke, kuma ba ka da ikon sayarwa sai ka zauna a ciki aƙalla shekara biyar. Wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya kashe kasuwar masu karɓar takarda da safe su sayar da yamma.

Gwamnati ba 'yar kasuwa ba ce da za ta auna nasararta da yawan abin da ta samu a kan gida. Dokar ƙasa ta 1978 ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana don amfanin jama'a, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili a wuraren da ba birni ba. Mai riƙon amana ba ya kai kayan amana gwanjo ya ce marayu su zo su taya.

Mu dawo gida. Rukunin gidajen da muka sani a jihar nan, Goruba, Barhim, Makera, Fatima Shema, duk a birni suke. Gida 250 da gwamnatin tarayya ta aza harsashinsu a 2024 ma a Katsina ne. Madalla, ba mu ƙi ba. Asusun gidaje na ƙasa da aka kafa tun 1992 yana cire kashi biyu da rabi cikin ɗari na albashin ma'aikaci, ya ba da bashi na tsawon shekaru, amma yana neman takardar albashi da takardar mallaka, ban da maganar ruwa da mutanenmu da yawa ke gudu. Wanda ya baro Karare da buhun tufafi ba shi da ko ɗaya. Babu wani shiri da aka yi da shi a zuciya, shi ya sa ya faɗa hannun masu awon igiya, waɗanda ke yanka gona ba hanya ba magudana, su sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Alhali abin da zai karya farashi a Batsari da Safana ba ya buƙatar biliyoyi. A fitar da fili, a biya masu gonaki diyyar gaskiya, a yanka fuloti ƙanana da hanya da rijiyar burtsatse, a yanke farashi ɗaya. A rubuta sunayen waɗanda aka raba da garuruwansu ta hannun dagatai da masu unguwanni da limamai, a manna jerin a ƙofar sakatariya mako biyu don duk mai ƙorafi ya yi, sannan a zuba takardu a ƙwarya ranar kasuwa, a kira yaro ƙarami ya zaro a gaban kowa. Wanda ya samu ba zai sayar ba sai bayan shekaru. Mutanenmu sun iya gini da kansu, ɗaki ɗaya bana, ɗaya baɗi. Ƙasar ce ta gagare su.

Shi kuma gwanjon duhu, maganinsa haske ne kawai, kuma ba sai an je Abuja ba. Jiha ta riga ta kafa hukumar KATGIS don tsara bayanan filaye. Majalisar ƙaramar hukuma na da ikon yin dokarta. Duk mai dillancin gida ya yi rajista, a san shi, a san ƙungiyarsa. Duk tayi a rubuta shi da sunan mai tayi a gaban mai unguwa. In an karɓi kafin alƙalami magana ta rufu, mai gidan da ya janye ya mayar da kuɗi ya kuma ɗauki asarar da ya jawo. In mai gida gwanjo yake so, babu laifi, ya sa rana, masu so su zo su zauna a tabarma ɗaya su kalli juna. Dillalin da ya ce an taya sama da haka, ya nuna wanda ya taya. Mai gaskiya ba abin da zai rasa a nan. Wanda duk ya tashi yana kumfar baki a kan wannan, ku dube shi da kyau.

Kafin a kai can, 'yan uwana matasa da ke rako iyayenmu ganin gida, don Allah ku tsaya a kan abu kaɗan. Kar dattijo ya sayar da gona ko sa sai an rubuta yarjejeniya an sa hannu da shaidu. Ku nace sai kun ga mai gidan ido da ido, in na gado ne ku ga magada ko takardar kotu. Ku yanke iyakar abin da za ku iya tun daga gida, in an wuce ta ku tashi ku kaɗe riga. Wa'adin "yau da la'asar" dabara ce ta hana mutum tunani, gidan da aka ce zai tafi da la'asar sau nawa muka dawo bayan wata biyu muka same shi? Ku biya ta banki ko da an ce tsaba ake so. Kuma ku sa wannan a lissafi: tun farkon 2025 aka shiga sulhu a Batsari, daga baya wasu ƙananan hukumomin suka bi, wasu mutane sun fara komawa gona. Kowa da ra'ayinsa a kan sulhun, ni ma ina da nawa, ba yau ba. Amma in Allah ya sa zaman lafiya ya ɗore, farashin da tsoro ya hura zai iya sacewa, wanda ya ci gwanjo da bashi ya wayi gari da gidan da bai kai abin da ya biya ba, ga gonar ta tafi. Wanda ya ci tayi a irin wannan kasuwar sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa firgita.

Su kuma masu neman kujera, sun fara zagayawa, mun gani. Na shugabancin ƙaramar hukuma, na majalisar jiha, na tarayya mai wakiltar Batsari da Safana da Ɗanmusa. Za su zo da shinkafa da atamfa da alkawarin tsaro, wanda kowa ke yi tun 2015. Ni a matsayina na shugaban matasa tambayar da zan yi wa kowannensu, namu ne ko na wancan ɓangaren, ita ce: fili nawa gare ka a gefen Batsari da Katsina da ka kulle kana jiran ya yi tsada, kuma za ka sa hannu a dokar da za ta tilasta a rubuta sunan mai tayi? Wasu daga cikin masu tayin da "ba sa son a san su" muna zama da su a taro, muna yi musu tafi.

Ranar Alhamis mai zuwa bayan an tashi kasuwar Batsari za mu zauna da shugabannin matasa na mazaɓu don rubuta ƙudurin da za mu miƙa wa kansilolinmu. Duk wanda aka taɓa yi wa irin ta kawuna, ko aka yi wa wani nasa, ya rubuto mana unguwar, da watan, da farashin da aka fara daidaitawa, da inda aka kai shi. Ba ma buƙatar sunan kowa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo da bakinsa, akwai masu rubutawa.